Fiffiken da Na Ƙwanƙwasa a Al Wakrah

Akwai wata safiyar Asabar a Al Wakrah, wani gari kusa da Doha, da ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, ba na jin zai iya ɗauke ta. Ranar ce na tsoma baki a cinikin jirgin sama, ni da a lokacin sau ɗaya tak na taɓa shiga jirgi, shi ma rabin tafiyar ido rufe na yi ta ina salati.

Ina shekara ta biyu a Doha ke nan, ina tuƙa wani dattijo ɗan ƙasar wanda shi ne kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar. Tsohon matuƙin jirgin sama ne da ya yi ritaya, kowa Kyaftin yake ce masa. Mutumin kirki ne amma ba shi da yawan magana, ni kuwa Allah ya yi ni da baki. A garejin da na tashi a Kano sai an roƙe ni nake yin shiru. To amma tun ranar da na sauka, ƴan'uwa da suka riga ni zuwa suka ja mini kunne cewa direba a nan idonsa a titi, bakinsa a rufe. Na riƙe wannan huɗubar gam, har ta kai Kyaftin bai san cewa kafin in kama sitiyari na yi shekaru ina gyaran jikin mota ba, musamman aikin faiba, wato ɗinke bamba da makamantanta idan sun fashe. Ban ga amfanin faɗa ba a garin da mota ke ɗan ƙwarzanewa a canza ta.

Ritaya ba ta karɓi Kyaftin ba. Sai ya ƙwallafa rai a kan sai ya haɗa jirgi da hannunsa ya kuma tashi da shi. Da na fara jin zancen yana waya a bayan mota, wallahi na ɗauka na wasan yara yake nufi. Ashe akwai kamfanoni a ƙasashen waje da ke sayar da ƙaramin jirgi a wargaje cikin akwatuna, da littafin yadda ake haɗawa. Wanda ransa ke so mai kujera biyu ne, siriri, mai gudun tsiya, irin wanda ba ya yafe kuskure. Ana haka ya ji labarin wani Bature injiniya da zai bar ƙasar, yana da irinsa a wani sito a Al Wakrah, ya fara haɗawa bai gama ba, yana neman mai saye.

Mun bar gidan Kyaftin a unguwar Al Aziziya bayan karin kumallo. A ƙofar siton muka tarar da mai gadi, na yi masa sallama da Larabcina na kame-kame, sai ya amsa mini da Hausa. Ashe mutumin Zongon Kumasi ne, ya girme ni sosai. Na zauna wurinsa muna hirar gida, su Kyaftin suka shige ciki.

Ta ƙofa nake hango su, kuma a ranar na ga yadda ake duba kaya. Kyaftin ya zo da takarda mai tsawo. Ya buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya yana daidaita abin da ke ciki da abin da ke rubuce. Ya leƙa cikin injin da ƴar fitila yana neman tsatsa, don iskar bakin teku ba ta barin ƙarfe. Ya karanta littafin da Baturen ke rubuta aikin kowace rana shafi-shafi, ya kalli hotuna. Har cikin gangar jirgin ya shiga ya zauna, ya ga ko gwiwarsa za ta sake. Na ji yana tambayar tsawon filin da jirgin ke bukata kafin ya ɗaga idan ana tsananin zafi. Sun fi awa biyu a haka, kuma duk abin da ya duba sai ya gyaɗa kai.

Can sai ya leƙo ya ce, "Yalla, zo ka kama mana."

Fukafukan ne za a juya a ga ƙasansu. Baturen da kansa ya rufe su, ya manne fatar faiba a kan ginshiƙin da ke ciki, ya shafa farin fenti, sumul gwanin sha'awa. Muka juya na dama, muka juya na hagu, suka koma kan tebur suna duba takardu, aka bar ni tsaye.

Duk wanda ya yi aikin gareji ya san wannan ciwon: ba ma iya wuce fenti mai kyau ba mu ƙwanƙwasa ba. Maigidanmu na gareji ya saba mana da haka da rankwashi, yana cewa fenti maƙaryaci ne, kunne ake tambaya. Ban ma san lokacin da makullin mota ya shiga tsakanin yatsuna ba. Na bi fiffiken dama a hankali, yana amsa mini tas-tas, sauti mai tsabta. Na koma na hagu, shi ma haka, har na zo kusa da gindinsa, inda zai haɗu da gangar jirgi. Nan sautin ya dushe, kamar ka buga tukunyar ƙasa mai tsaga. Na matsa gaba ya dawo daidai, na dawo baya ya sake dushewa. Wurin ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu. A bamba, wannan na nufin gam bai kama ba. A fiffiken jirgi kuwa, ko ni jahili na san nan ne zai ɗauki nauyin mutum a sama.

Na sulale na fita waje.

Mai gadin ya dube ni ya ce, da irin Hausarsu ta Zongo, "Ɗan'uwa, lafiya? Fuskanka ya canza."

Na faɗa masa abin da na ji. Sai ya ce, "Bara lokacin zafi, esin da ke sanyaya siton nan ya lalace kwana da kwanaki. Bature bai daina aiki ba. Ni na buɗe masa ƙofa don iska, yana zufa yana shafa gam."

Shi ke nan, na gane. Gam ɗin faiba a cikin zafi yakan fara daskarewa tun kana shafawa, kafin ka haɗa ya riga ya mutu.

"To ka shiga ka faɗa masa mana," in ji shi.

"Baba, ni fa direba ne. In na ɓata musu ciniki a gaban baƙo, kuma ya zama ban yi daidai ba, gobe ina cikin jirgin komawa gida."

Ya yi ƴar dariya ya ce, "In ya faɗo daga sama kuma, wa za ka tuƙa?"

Yau in na tuna ina dariya, amma a lokacin ban ga abin dariya ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji, ina ta yi wa tsoron nan ado ina kiransa ladabi. Na leƙa sai na ga Kyaftin ya fito da fulas ɗin gahawarsa ya zuba wa Baturen, ya zuba wa kansa. Na san halinsa sarai. In ya shanye ya girgiza ɗan kofin nan, ya miƙa hannu ya ce khalas, to magana ta ƙare, ko zai yi asara ba ya janye kalmarsa. Ya kai kofin baki ke nan na tsinci kaina a tsakiyar siton.

"Kyaftin, ka gafarce ni. Minti ɗaya."

Ya juyo ya dube ni kamar kujerar mota ce ta yi magana. "Mene ne?"

Larabcin ya gudu, Turancin ya bi shi. Sai kawai na je wurin fiffiken na fara ƙwanƙwasawa. Baturen ya zabura yana cewa kar in ɓata masa fenti. Kyaftin ya ɗaga masa hannu, ya sa aka kashe esi, siton ya yi tsit. Na bi layin daga tsakiya zuwa gindi, na dawo, na sake bi.

Kyaftin ya sunkuyo har kunnensa ya kusa taɓa fentin. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya ce, "Na sha ganin injiniyoyi suna yin wannan. Amma ƙarar injin ta cinye mini kunne. Ni duk ɗaya nake ji."

Wanda nake son cetowa ba ya jin abin da nake nuna masa, saura maganata kawai, maganar direba, a kan ta injiniya.

Allah ya sa Baturen nan mutum ne mai gaskiya. Ya karɓi makullin daga hannuna ya buga da kansa, sau ɗaya, sau biyu. Na ga fuskarsa ta yi ja, sannan ta yi fari. Ya ja akwati ya zauna, ya dafe kai. Ya ce ya tuna ranar, gam ɗin ya yi masa kauri a kofi, amma ya ga kamar zai yi. Sai ya ƙara da ƙaramar murya, "Da ban samu canjin aiki ba, ni zan tashi da shi."

Kyaftin ya juyo gare ni. "A ina ka koyi wannan?"

"A gareji, Kyaftin. A Kano."

"Shekara biyu kana tuƙa ni, ba ka taɓa faɗa ba?"

Na sunkuyar da kai. Ya zaro fensir daga aljihunsa ya miƙo mini ya ce in bi jirgin gaba ɗaya, duk inda kunnena bai yarda ba in zana. Na yi har azahar ina wannan aiki, su biyun suna bina a baya kamar masu koyon sana'a. Ban samu wani wurin ba sai wannan ɗaya.

Bayan mako guda Kyaftin ya kawo ƙwararre da na'urar da ke ganin cikin faiba, ta nuna ramin daidai cikin zanen fensirina. Ya sayi jirgin, amma ban da fiffiken hagu, ya yi odar sabbin kayansa. Kafin a zubar da tsohon ya sa aka yanka shi a gabanmu. Na zura wuƙar fenti tsakanin fatar da ginshiƙin, ta shige salin-alin ba abin da ya tare ta. Kyaftin ya kalli wurin ya daɗe, ya ce alhamdulillah sau uku, ya kama kafaɗata ya matse. Idona ya ciko, ban kuma ji kunyar hakan ba.

Sabon fiffiken ni da shi muka rufe, cikin sanyi, ni ke dama gam shi yana riƙe da agogo. Har yau ina tuƙa shi, amma kwana uku a mako a sito muke wuni, kuma ya sa an fara koya mini aikin a hukumance don in samu takarda. Jirgin bai tashi ba tukuna, sai masu dubawa sun gama nasu. Ba ma gaggawa, kuma ina sa rai in sha Allah zan tsaya a gefen fili in ga ya ɗaga.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, shiru yana da wurinsa, amma ba inda ka san abin da zai cuci mutum ba. Saura kurɓi ɗaya na gahawa in bar dattijon da bai taɓa yi mini sharri ba ya sayi ajalinsa, don kawai kada a ce direba ya yi rashin kunya. Tun daga nan, in na san abu, ina neman afuwa tukuna, sannan in faɗa.