Hannun Inna

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a ɗakin marasa lafiyar da ciwo ya tsananta musu, a wani asibiti a Kano, inda inji ke yi wa mutum numfashi. A can ba na neman izinin kowa. In na ce a juya alhaji, juya shi za a yi, ko da shi ne dagacin garinsu. Ƙananan likitoci ma suna shakkar bakina. Amma da zarar na sauka daga motar Karaye na hau ta Rogo sai girman nan ya fara zubewa. Kafin in isa gidanmu a gefen Falgore na koma 'yar fari, wadda uwarta ba ta kiran sunanta, ba ta haɗa ido da ita.

Inna ta riƙe kunyar nan da gaske. Goggo, ƙanwar babana, ita ta raine ni, kuma ita ce tafintarmu ko da muna zaune a tabarma ɗaya.

Wata kaka, lokacin cirar gyaɗa, na zo hutu na tarar ƙafafun Inna sun kumbura har takalmin robarta ya daina shiga. Daga rumbu zuwa murhu sai ta tsaya tana haki, tana yi kamar kaji take ƙirgawa. Na san irin waɗannan ƙafafun. Nakan gan su a gadajenmu, an kawo masu su a makare.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, yaya jiki?"

Ta dubi Goggo. "Gaya wa baƙuwarki lafiyata ƙalau."

"Goggo, tambaye ta ko tana iya kwanciya ba matashi."

"Ta ce ko kina iya kwanciya ba matashi."

"Na ji ta, ai ba kurma ba ce ni. Ce mata matashi uku nake sawa, don ina da su."

Haka muka yi ta yi, ni da ke iya gane halin da mutum ke ciki daga bakin ƙofa. Na ciro abin awon ƙirji daga jaka, Inna ta ja mayafi ta koma Fillanci, wanda shi ne harshenta na faɗa. Goggo ta ce in koya mata ita ta auna. Na sa mata shi a kunne, ta ɗora kan ƙirjin Inna, ta yi shiru kamar mai sauraron labaran rediyo, sannan ta ce, "Tana nan, tana bugawa."

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Na daina bi ta Goggo.

"Inna, na wanke iyayen mutane, na rufe idon wasunsu. Ba na so a kawo min ke a kwance. Ki ba ni hannunki."

Inna ta juya fuskarta wajen danga, ta daɗe a haka. Can sai ta miƙo hannun ta baya, kamar wadda ke ba da ajiyar wani.

Na kama tsintsiyar hannun, ina duban agogon da ke maƙale a rigata. Jijiyar tana gudu tana tuntuɓe. Na ce gobe sai Kano. Inna ta gaya wa danga cewa in Goggo za ta, ita ma za ta.

Minti ɗaya ya ishe ni in ji abin da nake nema. Amma shekarata talatin da bakwai, kuma ban iya tuna ranar da na taɓa riƙe hannun nan ba. Yana da kaushi, yana da ɗumi. Na sake ƙirgawa daga farko, sannan na sake.

Goggo ta ce, "Wai a Kanon ma haka kike daɗewa? To ashe layi ba ya ƙarewa."

Inna ba ta juyo ba.

"Ƙyale ta," in ji ta. "Ba ta gama ba."