Yatsa Huɗu na Baffa

A shekarun yaƙi, lokacin da ake ɗiban maza zuwa haƙar kuza, sunana na cikin waɗanda mai unguwa ya rubuta. Ban fi wata biyar da aure ba. Kowa a Birnin Gwari ya san yadda waɗanda suka riga mu tafiya suke dawowa: tari, kumburin ƙafa, wasu kuma sai dai labarinsu. Hanyar tsira ɗaya ce, a ce kana riƙe da aikin gwamnati, domin ba a ɗiban ma'aikaci.

Ana cikin haka sai helma, wato shugaban leburori masu aikin hanya, ya zo maƙerarmu. A bayan bariki akwai garejin da suke ajiye babbar motarsu, ƙofarsa ta lalace. Ƙyaure ne guda, katako da kwano, mai nauyin tsiya. Ba buɗe shi ake yi ba, tura shi ake yi gefe. A rataye yake da gargare biyu na ƙarfe, suna bin wani dogo da aka kafe a saman bango, a ƙarƙashin azarar rufi. Gargare ɗaya ya tsage, ɗayan ya cinye. Sai mutum shida sun kama kafin mota ta fita. Helma ya ce Baturen hanya zai dawo daga Kaduna bayan kwana bakwai, kuma ya ce duk maƙerin da ya gyara ƙofar nan a rubuta shi maƙerin ma'aikata. Yana faɗa yana kallona, don ya san halin da nake ciki.

To amma a gidanmu aiki ba ya shigowa ta hannun ƙarami. Baffa, ƙanen mahaifina, shi ne babba a maƙera tun rasuwar Baba, shi yake karɓar aiki ya raba. Ya je ya ɗaga kai ya dubi ƙofar, ya ɗora yatsunsa a kan tsagaggen gargaren.

"Yatsa huɗu," ya ce. "Ni ɗaya, kai ɗaya. In Bature ya zo sai a ce kai ka yi."

Wallahi da kyakkyawar niyya ya faɗa, wannan ban taɓa musu ba. Sai dai hannun Baffa ba hannun mutane ba ne. Shekara arba'in yana riƙe masaba, kowane yatsa nasa ya yi kaurin taɓarya ƙarama. Ni kuwa siraran yatsu gare ni irin na mahaifiyata. Ga fartanya ko gatari wannan ba komai ba ne, manomi ba ya auna fartanyarsa da ta maƙwabci. Amma abu biyu da za su ɗauki ƙyaure ɗaya a kan dogo ɗaya?

Na ce, "Baffa, ko mu yanki kara daidai da tsohon, kowa ya riƙe?"

Ya ce, "Kakanka da kara ya auna?"

Shi ke nan maganar ta mutu. Ni dai na koma a ɓoye na yanki karana na sa a aljihu.

Kwana uku muka yi a kan gargaren nan. Guntun ƙarfen tsohuwar mota helma ya ba mu, mai taurin kai, ya cinye mana gawayin ƙirya har sai da na sake shiga daji wajen Dogon Dawa na ƙono wani. Aka huda tsakiya, aka fitar da kwarin da zai hau dogo. Aikin Baffa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, sumul kamar a kanti aka saye shi. Da na faki idonsa na ɗora karana a kai. Ya ɗara da kusan rabin yatsa.

Ranar da muka rataya ƙyauren, leburori suka ɗaga, muka ɗaure notuna, aka tura. Ya tafi kamu biyu yana kuka, ya karkace, gefen da nawa yake ya caki ƙasa. A tsakiyar hanya kuma, inda azara ta ɗan lanƙwaso, gargaren Baffa ya cije a jikinta ya tsaya cak.

Baffa ya ce, "Naka ya yi ƙarami."

Da ƙara nawa zai yi magani, da na ƙara na huta. Amma babban ne ba ya wucewa a ƙarƙashin azara, ko makaho ya shafa zai gane. Magani ɗaya ne, a sauke na Baffa a ci shi da magagari. A wurinmu kuwa ba a ɗora magagari a kan aikin babba. In ka yi, ka gaya wa duniya hannunsa ya mutu, kuma daga ranar ba ka da wurin zama a gindin uwar maƙera. Na taɓa ganin an yi wa wani ɗan'uwanmu haka, ya ƙare yana ƙera kibiya shi kaɗai a Gayam.

Don haka sai na bi duk wata hanyar banza. Na haƙe ƙasan ƙofar, aka yi ruwa ramin ya cika da laka. Na kwance maratayin gefena na sake hudawa don ƙyauren ya miƙe, ya miƙe, amma cijewar tana nan. Na zuba giris, ya ƙare, na zuba man gyaɗa, kiyashi suka yi layi a kan dogon. Na ce a sassaƙe azarar, helma ya ce rufin gwamnati ne, ko ƙusa ba ya iya cirewa sai da izini. Na doki dogon da guduma don haushi kawai. Baffa yana zaune a inuwar ɗorawa da carbinsa, lokaci lokaci ya ce, "Ƙara mai."

Mai! Kamar masa muke toyawa.

Helma mutumin kudu ne, Hausarsa tana da ɗan tsami, amma ba ya ɓoye magana. Ya ja ni bayan garejin ya ce, "Kai, ga magagari a akwatina. Tsoho ya tafi salla, ka ci abin nan, wa zai sani?"

Na ce, "Zai sani. Maƙeri yana gane aikinsa ko da ido rufe."

Ya ce, "To ka gaya masa mana."

Na gwada. Da yamma na durƙusa na ce, "Baffa, anya azarar nan ba ta yi wa gargaren kusa ba?" Ya ce lallai, masu ginin ne ba su iya aiki ba. Ya gane abin da nake nufi sarai, na ga kunnensa ya motsa. Na tashi raina kamar ya fashe, na je gida na yi wa matata faɗa a kan tuwo, ita da ba ruwanta.

Bature ya zo ranar da ya ce. Bai zauna ba. Ya sa hannu ɗaya ya tura ƙyauren, ya tafi ya cije. Ya hau kan mota ya duba, ya fitar da ma'aunin aljihunsa ya ɗora a kan nawa, ya ɗora a kan na Baffa. Sannan ya ƙwanƙwasa babban da yatsa ya yi magana. Helma ya juya mana da Hausa.

"Ya ce ƙaramin daidai yake. Babban nan fa, wa ya yi shi?"

Leburori goma da ɗoriya suna tsaye, da masu tallar fura, da wani Bafulatani da ya tsaya kallo da sandarsa. Na jira Baffa. Na rantse na jira shi. Yana duban ƙasa.

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Helma ya dube ni kamar ya mare ni, amma ya fassara. Bature ya ce to, tsohon da ya yi mai kyau shi za a rubuta. Aka rubuta Baffa maƙerin ma'aikata, mutumin da ya wuce shekarun ɗiba tun kafin a fara yaƙin. Bayan kwana huɗu aka tasa mu a ƙafa.

Ba zan ba da labarin kuza a nan ba. Na dawo da tarin da har yau in sanyi ya shigo yake tashe ni, na tarar matata ta haihu, an yi suna ba na nan, an binne yarinyar ba na nan.

Da na ɗan ji ƙarfi na bi ta bariki. Lebura ɗaya na gani ya tura ƙyauren da hannun hagu, ya tafi suu har ƙarshe. Helma ya ce washegarin tafiyarmu Baffa ya zo shi kaɗai, ya sa aka sauke gargaren, ya shiga da shi cikin garejin da magagari, inda ba mai ganinsa. Daga azahar ne, kafin a kira la'asar ya gama.

Na wuce maƙera na durƙusa na gaishe shi. Ya rame. Bai ɗago ba, yana ta juya ƙarfe a wuta da awartaki.

Ya ce, "Ƙofar nan fa ta gyaru."

Na ce, "Madalla, Baffa." Na kama zugazugi, don wutar ta fara yin sanyi.