Layin da Injin Ya Zaɓa wa Man Gyaɗar Yaya

Yayana ya dawo Garo ne bayan an rufe masaƙar da yake aiki a Kano. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, ana ta sallamar ma'aikata ko'ina. Ya dawo da matarsa da 'ya'ya huɗu, ya sayi tsohon injin matse gyaɗa da ɗan abin sallamarsa, ya kafa shi a zauren gidanmu. Mansa yana da kyau, ba ya gauraya shi da komai. Sai dai kowane gida a Garo yana da mai yin ƙuli-ƙuli da mai, wa zai saya?

Ni kuwa ina aiki a wani shagon kwamfuta a Gwarzo, ina buga wa mutane takardun neman aikin da ba za su samu ba. Ni na kawo shawarar a yi masa shafi a intanet, ko masu sari daga kudu za su gani.

Ran nan ya zo shagon da hantsi, ya zauna kusa da ni, hularsa a gwiwa. Na nuna masa yadda abin yake: idan mutum ya nemi abu a injin bincike, sunan shafi yakan fito, a ƙarƙashinsa kuma da ɗan bayani layi biyu. Akwai wurin da mai shafi yake rubuta wannan bayanin da kansa. Mun fi awa guda a kansa, har muka tsaya a kan cewa: man gyaɗa tsantsa, ba gauraye, ana kai wa mai sari har tasha.

Da muka zo cikin shafin, sai ya ce in ƙara wani abu. Gyaɗar da ta sha danshin damina, manta yakan yi ɗan wari idan ya daɗe a jarka.

Na ce, "Yaya, wannan ai ba a rubutawa."

Ya ce, "Rubuta. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa yake ta magana a kan mudu da sikeli. Ni abin da na riƙe shi ne, mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa."

Na rubuta, na sa shi can ƙasa, inda nake ganin ba mai kaiwa.

Bayan kwanaki shafin ya fara fitowa. Na rubuta "man gyaɗa Garo" a injin bincike, sai ga sunanmu. Na kusa yin ihu. Amma da na duba ƙasa, layukanmu biyu ba su nan. Abin da ke wurin shi ne: "...man gyaɗar Garo na damina yakan yi wari idan ya daɗe..." An yanke gaba, an yanke baya.

Na ɗauka kuskurena ne. Na buɗe, na duba, bayanin yana inda na sa shi. Sai mai shagonmu, wanda ya girme ni a aikin, ya gaya mini cewa injin ba dole ba ne ya ɗauki abin da ka rubuta masa. Idan ya ga wata jimla a cikin shafin da take ɗauke da kalmomin da aka nema, ita yake tsamowa. Ni kuwa na manta ban sa Garo a cikin layukanmu ba, na sa ta a jimlar warin.

Na ce, "To wa zan kai wa ƙara?"

Ya yi dariya. "Ba kowa. Gyara ka jira."

Na gyara, na sa Garo a farkon bayanin. Mako ya wuce, wani ya bi. Kullum da safe kafin in taɓa aikin kowa sai na duba, kullum warin ne. A cikin waɗannan kwanaki mutum ɗaya ne ya kira wayar Yaya, wani Bahaushe mai shago a kudu. Bayan doguwar gaisuwa, sai ya ce, "Malam, ku ne masu man da yake wari ɗin nan?" Yaya ya fara yi masa bayanin damina, mutumin ya ce zai sake kira. Bai sake ba.

Ranar Juma'a na je gida, na same shi yana wanke jarkoki. Na ce ya bar ni in goge jimlar.

Ya ajiye jarkar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ƙarya na faɗa?"

"A'a, Yaya."

"To in na cire ta don a saya, me na zama?"

Da na koma Gwarzo na goge jimlar ban gaya masa ba. Har yau bai sani ba. Injin ya ci gaba da nuna ta kusan wata guda, ko da yake ba ta cikin shafin. Daga baya ya sauya, amma bai ɗauki layukanmu ba. Ya tsamo kwatancen hanya ne, inda na rubuta a tambayi gidan da ke bayan masallaci.

Kafin nan ma dizal ya yi tsadar da tayar da injin matse gyaɗar ya zama asara. Yaya ya riƙa yin kwana uku bai kunna ba, sannan mako. Da kaka ta zo ya sayar da shi ga wani mutumin Gude. Na ga lokacin da aka ɗora shi a mota, Innarmu tana tsaye a soro tana kallo.

Na sha tambayar kaina ko da layukanmu sun fito tun farko da wani ya saya. Gaskiya ban sani ba. Wataƙila ba mai neman man gyaɗar Garo a duniya sai ni da wancan mutumin.

Yaya ya koma Kano, yana gadi a wani sito. Iyalinsa suna Garo, sai Sallah yake zuwa. Ni ma shagon namu ya rufe da kowa ya samu waya a hannu, yanzu noma nake yi.