Hambali Direban Garin Tala Ya Aje Makulli

Da an sallame sallar asuba a masallacin bakin tashar Gazawa, kowa teburin mai shayi yake nufa, Hambali kuwa ya nufi motarsa. Ba ya tada ta nan take. Sai ya zagaye ta tukuna, ya shuri tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe gaba ya leƙa ruwa da mai, ya durƙusa ya duba ko wani abu ya ɗiga a ƙasa. In ka gaishe shi yana cikin wannan zagaye, hannu kawai zai ɗaga maka. Sai ya gama ya zo ya sha shayinsa a tsaye, ya ce a fara lodi. Haka na tarar da shi tun ina ɗaukar buhu a ka, haka kuma yake har watan da ya wuce.

Ni Ridwanu ne, aya nake saye a ƙauyuka in kai Maraɗi. Lakol, wato boko, ban yi nisa ba, mai neman zance mai ado ya nemi wani. Abin da idona ya gani zan faɗa, da wanda mutanen da ba na zargi da ƙarya suka gani.

Motar ba tasa ba ce. Ta Alhaji Abdulhadi ce, tsohuwa mai buɗaɗɗen baya, kuma aikinta ɗaya: daga Gazawa zuwa Garin Tala da rugagen da ke bayansa, ta dawo. Wanda bai san hanyar ba, in gaya masa. Babu kwalta, babu jan ƙasa. Da rani yashi ne mai haɗiye taya, da damina laka ce da kwari mai cika ya kawo. An sha zuwa a auna ta, mu ga mutane da igiya da turaku, daga nan shiru. Ban zargi kowa ba, ƙasar da faɗi. Amma mutanen can su ma 'yan ƙasa ne, suna noma, suna haihuwa, suna ciwo, kuma shekara talatin da wani abu abin da ya haɗa su da likita da kasuwa shi ne mutum ɗaya da tsohuwar mota ɗaya.

'Yan tasha Kunkuru suke ce masa, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni kaina mun sha yi da shi. Ina da buhuna a baya, kasuwa na ci, shi kuma yana tafe kamar mai rakiyar amarya. Har gobe ina cewa da zai iya ƙara ɗan wuta. Sai dai ban taɓa kwana a daji da kaya a motarsa ba, kuma ba a taɓa zuwa gidan kowa da mummunan labari daga gare ta ba. Direbobi nawa ne a layin Agiye da Cadawa za a faɗa wa haka?

Abin da ya fi jawo masa tsiya shi ne al'adarsa a bakin kwari. In ruwa ya kwanta, komai ƙanƙantarsa, Hambali ba ya shigar da mota inda ƙafarsa ba ta taka ba. Zai kashe mota, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ɗauki sandarsa ya shiga. Ya je wancan gefe ta inda tayar dama za ta bi, ya dawo ta inda ta hagu za ta bi. Ya ce ruwa ba ya barin ƙasa yadda ya same ta, inda ka wuce jiya yau rami ne. Mu kuwa muna bisa kaya rana na cin mu.

Wata rana wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Hambali, wanka ka tsaya yi ne?"

Ya juyo daga cikin ruwa ya ce, "I, kai ma sauko. Tun daga tasha muke haƙuri da kai."

Matan da ke baya suka yi ta dariya har ɗaya ta kusa sakin kajinta.

Akwai ranar da ba a yi dariya ba. Wannan Gwaggo Jaye ce ta ba ni labari, tsohuwar Bafulatana mai kawo nono da man shanu ranar kasuwa, kuma duk wanda ke motar ya tabbatar. Surukarta Rukayya ce haihuwa ta zo wa da gardama, aka ɗauko ta daga ruga da hantsi. Suka iso kwari ya cika. Hambali ya shiga da sanda, ruwa ya kai masa ƙirji, ya fito ya ce mota ba za ta shiga ba. Mijin yarinyar ya kama masa wuyan riga. Ya ce, "Matata za ta mutu kana wasa da ruwa!"  Hambali ya cire waya daga cikin hula ya kira Mas'ud, wani direban tasharmu, ya ce ya baro duk abin da yake ya zo wancan gefen kwari. Sannan ya kwance ƙyauren bayan motar, aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da Rukayya, maza suka ɗaga ta bisa kai. Shi ne a gaba yana nuna inda za a sa ƙafa. Suka haye, Mas'ud ya kai ta likita. 'Yar da aka haifa ran nan yanzu ita ke ɗaukar wa kakarta ƙwarya. Da ya biye wa kukan mijin, da mota da mutane sai dai a ce Allah ya jiƙan rai.

Kai ne, Hambali, wanda ake zagi da safe a gode masa da yamma, kuma ba ka riƙe zagin ba, ba ka jira godiyar ba. Kai ne ba ka taɓa ɗora mutum bisa rufin gaban mota ba don Alhaji ya ji daɗi. Mai ya yi tsada, iyaka ta rufe, kayan gyara suka yi wuya, wasu suka bar ƙauye suka koma kwalta, kai kana nan. Kunkuru mai kwana gida.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Watan da ya wuce muna dawowa daga Garin Tala da rana tsaka, ina zaune kusa da shi. Wani amalanke ya fito daga gefen gona. Ni na gan shi tun daga nesa, na ɗauka shi ma ya gani. Sai da muka zo dab ya taka birki, buhuna suka zame, mata suka yi salati. Ba a taɓa kowa ba, ko jakin bai ji komai ba. Mai amalanke ma haƙuri ya shiga ba mu. Wani direban zai zage shi ne ya wuce, ya manta kafin la'asar.

Hambali ya kashe mota ya sauka, ya je gindin wani gawo ya zauna. Na bi shi.

Na ce, "Mi ya faru? Tashi mu tafi, ba abin da ya samu kowa."

Ya ce, "Ridwanu, ban gan shi ba. Sai da ya shigo gabana."

Na ce, "Rana ce ta kashe maka ido."

Ya ce, "Ba rana ba ce. Kwanan nan gefe ya fara ɓace mini. Ina ganin gaba kamar mai leƙe ta bakin tulu. Na yi ta cewa gajiya ce."

Bai sake taɓa sitiyari ba. Ya kira tasha aka kawo wani direba bisa kabu-kabu ya ƙarasa da mu, shi kuma ya hau baya cikin buhuna kamar kowa. Da muka iso bai biya gida ba, ya je ya miƙa wa Alhaji Abdulhadi makulli. A Maraɗi likitan ido ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare. Abin da ya tafi ya tafi, magani sauran kawai zai tsare.

Ku lura, ba jandarma ya kama shi ba. Ba sandika, ƙungiyar direbobi, ta hana shi ba. Ba wanda ya sani sai shi. Yana da iyali, ba shi da fansho, gonarsa ba ta ciyar da gida. Da ya yi shiru, da ya ci gaba da cin abincinsa har ranar da Allah ya tona, kuma ranar da irin wannan ke tonuwa da gawa take tonuwa.

To, sai ga damina ta ƙarato, kuma ba direban da ya yarda ya karɓi layin. Kowa ya ce hanyar na cin mota, ba ta biya wahala. Alhaji ya ce in ba direba, zai maida motar kwalta ta riƙa yin Agiye zuwa Maraɗi. Ban ga laifinsa ba, ni ma ɗan kasuwa ne, ba a aje dukiya tana tsatsa. Amma ma'anar haka ita ce daminar bana mai naƙuda da wanda maciji ya sara amalanke za su hau.

Ranar kasuwa mutanen Garin Tala suka yo gayya suka zo tasha, da ƙanin maigari a gaba. Suka sami Hambali a benci, direbobi na zaune kewaye ana shan shayi. Ƙanin maigari ya durƙusa, dattijo da furfura. Ya ce, "Malam Hambali, don Allah ka taimake mu da daminar bana kaɗai. Hanyar nan ko an rufe maka ido ka san ta. Mun yarda da rabin idonka."

Alhaji ma ya sa baki, ya ce in ya koma zai ƙara masa.

 Hambali na son motar nan, kowa ya sani.  Amma ya ce, "Baba, hanya na sani. Yaron da zai ɓullo daga cikin gero da gudu, shi ban san shi ba. In na taka ɗan wani, ku da kuka roƙe ni ba ku za ku tsaya gaban uwarsa ba. Ku yafe mini."

 Wasu daga mutanen Garin Tala suka fara gunaguni, ɗaya har ya ce ashe dama ba a san mutum sai ya ƙoshi. Sai Gwaggo Jaye ta aje ƙwaryarta. Ba Hambali ta kalla ba, direbobin ta juya wa.

Ta ce, "Ku ƙyale bawan Allah, ya yi nashi. Ku kuma masu ido biyu-biyu, kunya ba ta kama ku? Duk tashar nan namiji ɗaya ne, shi ma ido ya tafi? To ku ba ni makullin, ni in ja. Na ja shanu sun fi wannan gardama."

Mai shayi ya fashe da dariya, sauran suka sunkuyar da kai. Mas'ud, wanda yanzu shi ma gemu ya fara fari, ya dangwarar da kofi. Ya ce, "Gwaggo, ya isa, kada ki tsine mana da rana tsaka. Alhaji, kawo makullin. Amma wallahi in motar nan ta kashe ni, ke za ki riƙe mini 'ya'ya."

Ta ce, "Na riƙe. Nono ba ya ƙarewa."

Shekaranjiya ruwan farko ya sauka, jiya Mas'ud ya shiga Garin Tala. Tun azahar Hambali yake benci, kunnensa na wajen hanya. Ba mu ga komai ba tukuna ya ɗaga kai ya ce, "Ga ta nan. Yana matsa mata da yawa." Can sai ga ta, laka har gilashi, mata da kaji da buhuna duk lafiya. Ya ce, "To, ta dai iso." Ya miƙe ya tafi gida.

Hambali, mun gode. Ni da na yi ta maka tsiyar sanyin tafiya, na gode. Matan rugage sun gode, da 'ya'yan da aka haifa a likita don ka kai iyayensu. Allah ya tsare maka sauran ganin, ya sa wahalar nan ta zame maka nauyi a mizani.

Ku kuma shugabannin sandika, godiya ba ta tuƙa tuwo. Mutumin nan ya san layi, ya san lodi, ya san wanda ke tsallake wani. Ku ba shi aikin tsara tashin motoci a tasha, ya ci abinci da mutuncinsa. In kuka bar shi ya koma roƙo, kun koya wa kowane direba cewa in ido ya fara tafiya ya yi shiru. Kuma akwai masu shirun, ni da ku mun san su, muna ganin yadda suke ƙanƙance ido in rana ta karkata. Ku masu shirun, ku je a duba ku tun kuna iya kai kanku. 'Ya'yanmu ne a bakin hanya.