Matar Japan a Bayan Gingimari

Maigidana mai fentin mota ne a bakin tashar Kawo, ni kuma ina sayar da shinkafa da wake a rumfar da ke jikin tasa. Wani mai sayar da kayan gyaran babur ya ba shi tsohuwar kalanda mai zanen matan Japan na da: fuska fara fat, ido siriri, baki ɗan mitsitsi, gashi a tufke da tsinkaye. Yakan daɗe yana kallonsu, yana cewa layi ɗaya mai zanen ya ja, wuya ya fito.

Wata rana wani direban gingimari ya ce a zana masa kyakkyawar mace a bayan mota. Maigida ya zaɓi wadda ke riƙe da laima, ta ɗan waiwayo. Bai taɓa aiki mai kyau kamar wannan ba.

Da direban ya dawo, 'yan uwansa direbobi suka biyo shi. Ɗaya ya ce, "Kai, fatalwa aka zana maka!" Aka kwashe da dariya.

Direban ya shaƙo wuyan rigar maigida. "Ni za ka mayar abin dariya?"

"Yi haƙuri, sai in goge," in ji maigida.

Bai saurara ba. Ya buga kan maigida da jikin motar, ya zaro sifana daga aljihu. Maigida ya kare fuska da hannun dama, sifanar ta sauka a kan yatsunsa. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashin.

Ban san lokacin da na ɗauki murfin tukunya ba. Na maka wa direban a ƙeya, ya juyo ya kwaɗa mini mari har ɗankunnena ya tsaga kunnen. Jini ya jiƙa mayafina, gwangwanin fenti ya kife, muna ta zamewa a ciki. Da kyar shugabannin tasha suka raba mu.

Mai ɗori a Kurmin Mashi ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu biyu suka sandare. A hanyar gida maigida ya tambaye ni, "Ya kunnen?" Na ce da sauƙi. Sai ya fashe da kuka a cikin Keke Napep.

An sa direban ya zo ya ba da haƙuri, maigida ya yafe. Ni ban yafe ba. Yanzu allunan shaguna maigida yake rubutawa, da manyan baƙaƙe, a hankali.