Tsarkiyar Baba Tanko

Har yau ban manta da ranar da muka yi kiciɓis da Baba Tanko ba. A watan Mayun 2006 ne, ina ƙaramin mai gadi a wani gandun daji tsakanin Tagwai da Paiko, ƙarƙashin shugaban sintirinmu Malam Ndagi, mutumin Bida.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, bari in yi muku bayani. Da ruwan farko ya sauka, zabin daji sukan watse daga garke, kowane zabo ya ware da zabuwarsa, a shiga ƙwai. A lokacin an hana farauta a gandun, kuma duk wanda aka kama da makami, ƙwacewa ake yi a kai ofis a Minna. Aikinmu shi ne mu gano inda suke saka, mu riƙa zagayawa saboda masu kwasar ƙwai.

Malam Ndagi yana da dabararsa. Yakan laɓe ya yi kukan zabo da bakinsa, in zabuwa ta amsa, mun san wurin ke nan. Ya iya ƙwarai, ya kuma san ya iya, don ko a ofis ba ya barin kunnuwanmu su huta.

Da hantsin ranar muka durƙusa a bayan wani kurmi, ya fara. Can sai ga amsa, tattausa, daga gangaren rafi. Ya zungure ni yana murmushi.

"Ka ji ta ko, Isa? Wannan amarya ce."

Ya sake yi, aka sake amsawa. Suka yi ta musayar kuka, muryar tana ƙara matsowa, shi kuwa sai washe baki yake. Ni ne na fara ganin ciyawa ta buɗe. Wani dattijo ne a durƙushe, ya ja baka har kunne, tsinin kibiyar yana kallon ƙirjin Malam Ndagi. Nan take na ce, "Baba, mutane ne!"

Ashe shi ma kukan zabuwa yake yi, don ya jawo zabon da yake ji. Kowannensu ya ɗauka ya samu tsuntsu.

Dattijon ya sauke bakan a hankali, ya zauna a ƙasa. Shi ne Baba Tanko, tsohon maharbi daga wani ƙauye a bayan Paiko. Bakan na mahaifinsa ne, da shi ya ci da iyalinsa tun yana saurayi. Na tausaya masa, don na san abin da doka ta ce.

Kafin Malam Ndagi ya buɗe baki, Baba ya tanƙwara bakan da gwiwa, ya zare tsarkiyar, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Yallaɓai, a wurinmu wanda ya ja baka a kan mutum, tsarkiya ta zama ta mutumin. Sai ka yafe ka mayar, kafin na sake harbi."

Malam Ndagi ya daɗe yana juya igiyar a hannunsa. Sannan ya ce, "Baka ba tsarkiya ai sanda ne, Baba, ni kuwa ba a aiko ni ƙwace sanda ba. Je ka da abinka. In zabi sun ƙyanƙyashe, zan aiko maka da ita."

Bayan damina ya ba ni ita, na hau babur na kai masa. Na tarar da shi yana sussukar dawa a ƙofar gida. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi lafiyar Malam, amma tsarkiyar ko taɓa ta bai yi ba.

"Ka gaishe shi, ɗana, ka ce na gode. Shi ya yafe, ni ban yafe ma kunnena ba. Kunnen da ya kasa rabe mutum da zabo ya gama aiki."

Na roƙe shi, na sake roƙo, ya girgiza kai kawai. Haka na juyo da ita a aljihu, zuciyata ba daɗi.

Don haka in kun haɗu da maharbi a daji, kada ku yi saurin ɗaukarsa mara doka. Da yawansu suna da tasu, kuma ta fi tamu tsanani. Mu dai damina guda muka hana Baba Tanko harbi. Shi ya hana kansa har ya koma ga Allah.