Ƙyauren Abdulgani

Ƙanena Abdulgani kafinta ne, in ka tambaye shi. In ka tambaye ni, mai wasa da katako ne da gemu.

A Turba aka haife mu. Babanmu ya kai shi koyon aiki garin Isa, ya yi shekara biyu bai haɗa benci ɗaya mai tsayuwa da ƙafafunsa ba. Daga nan ya bi 'yan kasuwa zuwa Maraɗi, ya ɓace shekara shida. Da ya dawo, abin da ya kawo mana shi ne wani ɗan injin zarto mai haƙori siriri, yana hawa yana sauka kamar allurar keken ɗinki, sai kuma kalmomin Faransanci uku da yake ta juyawa.

Da injin nan yake yanka 'yan abubuwa: amalanke da za ta zauna a tafin hannu, galma tsawon yatsa, kujerar da ko ƙadangare zai raina. Ranar kasuwar Sabon Birni ya jera su a tabarma, mutane su tsaya su yi dariya su wuce, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Ni kunya ke kama ni.

Bara gara ta cinye ƙyauren ɗakin da nake ajiye irin gero. Mijina ya rasu, irin nan shi ne dukan shukar da nake da ita. Na auna ƙofar da tef ɗin tela, na je na same shi.

"Faɗi talatin, tsawo sittin. Ka iya?"

"Haba Yaya Hadiyya, wanga ai ba aiki ba na. Za ni yi miki shi kamin Jumma'a."

Na jingina tsohuwar tabarma a ƙofar, na tafi Kamarawa gaisuwar rasuwa, kwana uku. Ya ce zai kafa kafin in dawo, kuma ya kafa. Ƙyaure mai kyau, har da zanen furanni, tsawonsa bai wuce gwiwata ba. Tabarmar kuwa ya cire ta, wai tana ɓata wa aikinsa kyan gani. Awakin maƙwabta sun tsallaka sun yi biki da irin geron.

"Inci nic ce maka, Abdulgani."

"Ba ki ce ba, Yaya. Mu can Maraɗi da santimita muka awo."

Ya ga ƙofar da idonsa, ya ga ƙyauren, bai ga laifi ba sai na bakina. Ban taɓa raina mutum kamar ranar ba.

Damina ta sauka, rabin gonata ya kwana ba shuka. Bayan sati ya zo ban haƙuri da kyauta a aljihu: ɗan ɗakin hatsi na katako, ƙanƙane, da 'yar sakata. Na tura ƙyaurensa da farce. Ya rufe ruf, ko tururuwa ba za ta shiga ba.